Ɗan Kallo Ma Baƙo Ne: Tsokaci a Kan Filin Ƙwallonmu

Ranar da aka buga wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa ta tsakanin sassa a zangon karatun da ya gabata, tun ƙarfe uku da rabi na bar ɗaki na nufi fili, domin takardar da aka manna a allon sanarwa cewa ta yi ƙarfe huɗu daidai za a take wasa. Watan Maris ne, kuma duk wanda ya taɓa yin bazara a Kontagora ba sai an yi masa bayanin irin ranar da ake ƙwallawa ba. Na tarar an kafa rumfa guda ɗaya tak, an jera fararen kujerun roba a ƙarƙashinta domin manyan baƙi, an kuma tsayar da wani ɗan'uwanmu ɗalibi yana korar duk wanda ya matso kusa da inuwar. Mu kuwa sauran jama'a aka tura mu ɗaya gefen, muka tsaya muna fuskantar rana, wasu sun ɗora littafi a ka, wasu sun lulluɓe fuska da hankici. Ƙarfe huɗu ta wuce, huɗu da rabi ta wuce, 'yan wasa sun motsa jiki har sun gaji sun zube a ƙasa. Sai biyar da 'yan mintoci babban baƙo ya iso, aka yi jawabai, aka bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya ana gaisawa, sannan alƙalin wasa ya hura usur.

Ana dab da tafiya hutun rabin lokaci, wata ɗaliba da ke tsaye kusa da ni ta yanke jiki ta faɗi. Aka shiga kiran "Ruwa! Ruwa!", ashe yarinyar da ke tallar fiyawata ta daɗe da sayar da nata ta tafi. Da ƙyar aka samu sauran rabin leda a hannun wani aka yayyafa mata. Da wani malami ya ce a kawo motarsa a kai ta asibitin makaranta kuma, sai aka ga hanya ɗayan da mota ke iya bi ta shigo filin a toshe take da babura, an jera su kamar a tashar 'yan acaɓa. Sai ɗaukar ta aka yi a hannu har bakin titi. Allah ya kiyaye, ta farfaɗo, bayan kwana biyu ma na gan ta a aji. Wasan kuwa canjaras aka tashi, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida bayan an kira sallar Magariba, rabin 'yan kallo sun watse, sauran suna haska fitilun wayoyinsu. Har yau 'yan sashen da aka doke suna cewa mai tsaron gidansu bai ga ƙwallon ƙarshe ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin ni ma ban gani ba.

Tun daga wannan rana, duk inda ɗalibai suka zauna aka ɗauko zancen filin nan, magana ɗaya ake yi, wato a gina mana katafaren filin wasa irin na zamani, mai benaye da fitilu da ciyawar roba. Ni ma ina so, wa zai ƙi? Amma a tawa fahimtar ba rashin siminti ne ya kayar da 'yar'uwarmu ba, ba kuma shi ya sa aka buga fanareti cikin duhu ba. Abin da ya jawo duk wannan shi ne masu shirya wasanninmu ba su ɗauki ɗan kallo a matsayin wanda aka gayyata ba. Ana tanadin ƙwallo da riguna da kofi da lemon manyan baƙi, amma ɗan kallo sai dai ya zo ya ji da kansa. Alhali kuwa wanda ka manna takarda ka kira shi, ya bar abin da yake yi ya amsa kiranka, ai baƙonka ne, kuma Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu kam ko ɗaya daga cikin biyun ba mu samu ba.

Kafin in ci gaba, bari in faɗa wa mai karatu dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ni ba Bahaushe ba ne, Bakambare ne daga wani ƙauye a yankin Salka, kuma sai da na yi wayo sannan Hausa ta zauna a bakina. Ba a aji na fara koyonta ba, a bakin fili ne da gindin rediyo. A wurin ƙwallo na fara jin "satar fage" da "bugun kusurwa" da "ya yanke shi", a can kuma na fara lura da wani abin da ke ba ni dariya har yau: muna cewa ƙwallon ƙafa kamar namiji, amma da zarar an ci sai kowa ya yi ihu "Ta shiga!" Na sha dariya a wurin abokai saboda cewa "ya shiga". A makarantar nan akwai Kambari da Dukawa da Dakarkari da Kamukawa, ga Nufawa da Gwarawa, ga Hausawa da Fulani, ga kuma 'yan'uwanmu daga Kudu. Aji yana raba mu sashe-sashe, ranar Juma'a da Lahadi kowa ya kama hanyar wurin ibadarsa, hatta ɗakin kwana kowa ɗan garinsu yake nema. Wuri ɗaya da na sani inda duk muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa muna ihu da murya ɗaya shi ne bakin filin nan. Shi ne zauren makarantar, kuma ba a barin zaure babu shara babu shimfiɗa.

Masu kiran a yi babban gini sukan kawo misalin Amurka, inda jami'o'i ke da filayen da suka fi na wasu ƙasashe girma. Gaskiya ne. Filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum sama da 107,000, alhali babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 2003, kujerunsa 60,000 ne da 'yan kai. Nasu ƙwallon ma ba irin namu ba ne, da hannu aka fi yin sa. To amma ba girman ginin ne yake cika waɗannan filaye ba. Ranar wasa a wurinsu ranar biki ce. Tun da hantsi mutane suke hallara a wurin ajiye motoci suna gasa nama suna ci tare da iyalansu, ɗalibai masu badujala suna zagayawa da kiɗa, tsofaffin ɗalibai suna dawowa daga garuruwa masu nisa. Ke nan kafin a taɓa ƙwallo an riga an karɓi baƙo. Wannan kuwa ba sai mun je Amurka mun koyo ba. Duk wanda ya taɓa shiga gidan dambe ya san akwai makaɗa da sanƙira, akwai mai tsire da mai rake, kuma kowa ya san inda fage ya tsaya. Haka nan ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Sudan, ga jama'a maƙil ga dawakai, amma akwai dogarai masu gyara hanya, kowa ya san iyakarsa. A ƙauyenmu ma idan za a yi kokawa bayan girbi, sai an share fage an ajiye randunan ruwa kafin a taɓa ganga.

Ba ina cewa gini ba shi da amfani ba. Niger Tornadoes, kulob ɗin jiharmu da ya ci Kofin Ƙalubale a 2000 bayan ya doke Enugu Rangers, ya ɗanɗana kuɗar rashin fili mai kyau. A kakar 2017 a Lokoja yake karɓar baƙinsa, daga baya kuma ya yi zaman Kaduna, magoya bayansa suna can Minna suna tambayar yadda wasan "gida" ya tashi, ga kuma filin Bako Kontagora a tsakiyar garinsu. Mu ma idan muna fatan wata rana mu karɓi baƙuncin wasannin manyan makarantu, irin na NUGA da aka fara a Ibadan a 1966, ko gasar ƙwallon HiFL da aka soma a 2018, dole wata rana a zuba siminti. Sai dai ba a fara gini daga rufi.

Gyara na farko ba ya cin ko kwabo, wato lokaci. Wasa minti 90 ne, hutu minti 15, ga ƙarin da alƙali ke yi, ka ga an doshi awa biyu ke nan, idan kuma wasan ƙarshe ne sai an bar wa fanareti wuri. A Kontagora kuwa rana tana faɗuwa ne tsakanin shida da kwata da ƙarfe bakwai, gwargwadon lokacin shekara. Lissafin a fili yake: da an idar da sallar La'asar a take wasa, huɗu da kwata ko huɗu da rabi, ko babban baƙo ya zo ko bai zo ba. Aikinsa ai miƙa kofi ne, kofi kuwa a ƙarshe ake miƙa shi, jawabinsa kuma zai iya jira har hutun rabin lokaci. Na tabbata mafi yawan manyan nan da za a faɗa musu ɗaruruwan 'ya'yansu suna tsaye a rana domin su, da kansu za su ce a fara. Masu rakiyarsu ne ke tsoron faɗa. Sannan a watannin zafi a riƙa tsayar da wasa na minti biyu ko uku a kowane rabi domin shan ruwa. Ba raini ba ne ga 'yan wasanmu, an yi haka a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2014 a Brazil, a wasan Holan da Meziko, kuma Fortaleza inda aka buga shi ba ta nuna wa Kontagora zafi a watan Afrilu ba.

Sai batun inuwa da wurin zama. Masu zana filayen wasa suna da ƙa'idar shimfiɗa fili daga kudu zuwa arewa domin kada rana ta shiga idon mai tsaron gida, babbar rumfar 'yan kallo kuma a sa ta a yamma domin da la'asar rana ta kasance a bayansu. Namu filin an yi sa'a haka ya miƙe, sai dai gefen yamman ne ake killace wa mutum ashirin, a tura ɗaruruwa gabas su yi ta ƙifta ido. Tsawon layin nan ya kai kimanin mita ɗari, rumfar manya ba ta cin ko kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa. A bar mata tsakiya, sauran a buɗe wa kowa. Wurin zama kuma ba sai an kira ɗan kwangila ba. Jar ƙasa ba ta yi mana wuya a garin nan ba, a tara ta a yi tudu mai hawa uku ko huɗu, a daɓe, a tokare kowane hawa da bulo, ka ga na baya ya hangi fili ba tare da ya hau kafaɗar na gaba ba. Ɗaliban da ke koyon gini da aikin katako, maimakon su yi ta gina katangar gwaji suna rushewa domin samun maki, me zai hana wannan ya zama aikinsu na zango? A bayan tudun kuma a jera dogonyaro. Itace ne mai saurin girma da jure fari, idan aka dasa shi a farkon damina aka kewaye shi saboda awaki, cikin shekara uku zuwa huɗu zai fara ba da inuwa. Kowane sashe ya ɗauki guda goma ya rataya musu sunansa, a ga sashen da zai bar nasa su mutu. Na san mu da muke aji uku ba za mu sha wannan inuwa ba, amma ai mangwaron da muke jifa a bayan ɗakin kwana ma ba mu muka shuka shi ba.

Akwai wani dattijo da ke kula da filin, wanda ranar wasa za ka gan shi tun da safe da bokitin farar ƙasa yana zana layi. Wata rana na tsaya na gaishe shi na ce, "Baba, me ya sa tsakiyar filin nan ta yi sanƙo haka?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ai ku ne. Ga hanya can an yi muku, amma kowa sai ya yanke ta nan zai tafi aji. Ciyawar da ake takawa safe da yamma, yaushe za ta tofo?" Na rasa amsa, domin ni ma a ranar ta nan na yanke. Ya ce da za a ba shi waya ya kewaye filin, a huta da buga ƙwallo a kansa na wata guda a tsakiyar damina, kiri-kirin da ke gefe da kanta za ta mamaye wurin. Ina ganin maganar Baba ta fi ta masu neman ciyawar roba, wadda ga tsada, ga ɗaukar zafi idan rana ta buɗe, kuma in ta yage ba a garin nan za a sami mai ɗinke ta ba.

Ruwa da makewayi kuwa, kunya ma ta isa a ce sai an rubuta su a mujalla. Tanki ɗaya da famfo biyu da 'yan butoci sun wadatar ga mai sha da mai alwala. Rashin makewayi ba ya damun maza sosai, sanin kowa ne yadda suke yi da bayan katanga, amma ɗaliba fa? Ko dai ta ƙi shan ruwa tun rana, wanda shi ne hanyar yanke jiki a faɗi, ko ta haƙura da zuwa gaba ɗaya. Masu zoɓo da kunun aya da awara da gyaɗa kuma a ware musu layi guda a bayan 'yan kallo, a karɓi ɗan abin da ba zai dame su ba a sayi kwandunan shara da shi, domin washegarin kowane wasa Baba ne yake bin ledoji ɗaya bayan ɗaya yana tsincewa.

Tunda na ambaci ɗalibai mata, bari in faɗi abin da wata 'yar ajinmu ta ce da ni lokacin da na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta zuwa ko da sashenmu ne ke wasa. Ta ce, "Malam, mu ƙwallo muke son kallo, amma da mun je sai kallo ya koma kanmu." Wannan magana ta fi rashin rumfa ciwo. A ware musu wuri mai benci a gefen inuwa, da masu kula daga cikinsu, ba tilas ba, wadda ta ga dama ta zauna inda take so, amma wadda ke gudun matsi da maganganun banza ta san tana da wurin da ba za a dame ta ba. Kuma me ya hana wasan mata ya riƙa share fage kafin na maza? A watan Yulin 2025 'yan matan Super Falcons suka ci kofin Afirka karo na goma, bayan sun doke Maroko da ci 3 da 2 a gidanta. Waɗannan 'yan mata ba daga sama suka faɗo ba, a irin filayen nan namu suka fara.

Yanzu ga abin da ya fi ba ni tsoro. A filinmu babu abin da ya raba ɗan kallo da ɗan wasa sai layin farar ƙasa. Duk lokacin da ƙwallo ta yi kusurwa sai jama'a su matso su leƙa, har mataimakin alƙali ya koma gudu a cikin fili. Da an yi hukuncin da bai yi wa wani ɓangare daɗi ba, taku biyar ne tsakanin alƙali da masu fushi. Kada mai karatu ya ce ai wasan ɗalibai ne. Abin da ya faru a Nzerekore ta ƙasar Gini ranar 1 ga Disamba, 2024 ba a wasan ƙasa da ƙasa ya faru ba, wasan ƙarshe ne na wata gasa ta cikin gida. Gardama a kan hukuncin alƙali ta zama jifa, jifa ta jawo barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofa, gwamnati da kanta ta ce mutum 56 ne suka rasu. Kafin nan, ranar 9 ga Mayu, 2001 a Accra, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, sama da mutum 120 suka mutu a irin wannan turmutsutsu, kuma rufaffun ƙofofi na cikin abin da ya ƙara yawan gawarwakin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da muke buƙata a yau shi ne turaku da igiya mai ƙwari, taku huɗu ko biyar daga layi, da ɗalibai masu riguna na daban da za su tsaya suna fuskantar jama'a, ba suna kallon wasa ba. Babura a yi musu wuri nesa, hanyar mota ta zauna a buɗe daga farko har ƙarshe. Ranar da za a kewaye filin kuma, ina roƙon kada son karɓar kuɗin shiga ya sa a yi masa ƙofa ɗaya. A yi uku ko huɗu, masu faɗi, masu buɗewa ta waje, kuma kada a sa musu kwaɗo muddin akwai mutane a ciki.

Haka batun agajin gaggawa. Ranar 8 ga Maris, 2020 ɗan wasan Nasarawa United, Chineme Martins, ya faɗi a fili a Lafiya ana tsakiyar wasa da Katsina United, kuma jaridu sun ruwaito cewa motar asibitin da ke wurin ta ƙi tashi. Ya rasu. Bayan shekara guda da 'yan watanni, a Yunin 2021, zuciyar Christian Eriksen na Denmak ta tsaya a fili, amma da yake akwai waɗanda suka san abin yi a daidai wannan minti, ya tashi har ya koma taka leda. Rai a hannun Allah yake, amma rigakafi ya fi magani. Kada a hura usur sai an ga ma'aikacin jinya zaune da akwatinsa, da gadon ɗaukar majinyaci, da motar da aka tayar aka ji ƙararta. Ɗaliban sashen motsa jiki da kiwon lafiya kuma a koya musu danna ƙirji da sauran dabarun farfaɗo da wanda ya suma, su riƙa karɓa-karɓa.

Na bar wanda ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan Sashen Hausa, zuwa nan da gangan. Akwai lasifika a filin, amma aikinta biyu ne: sakin waƙoƙi daga wayar wani, da sanar da isowar manya cikin Turancin da iska ke kwashe rabinsa. Ɗan kallo bai san sunan wanda ya ci ba, bai san wanda aka canza ba, bai san saura minti nawa ba, wani lokaci har gardama ake yi a kan ko ci nawa ne. Baƙin allo da alli sun isa su kashe wannan gardama ta ƙarshe. Sauran kuwa aikinmu ne. Muna karanta fassara, muna karanta adabin baka, muna rubuta jarrabawa a kan kirari da zuga da Hausar kafafen yaɗa labarai, amma ga fage a ƙofar ɗakinmu mun bar shi. A ba ɗalibanmu biyu makirufo a kowane wasa su yi sharhi da Hausa, sanarwar canji da ta ci kuma a maimaita ta da Turanci saboda waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba, kamar yadda tawa take a da. Kowane ɗan wasa a san sunansa da garinsu, a yi masa kirarin da ya dace da ƙafarsa. Sunan Shago da ake ji har yau a duniyar dambe, ai bakin Ɗan Anace ne ya raya shi. Mai tsaron bayan sashenmu da ya hana a ci mu wasa uku a jere, ko sunansa rabin makarantar ba su sani ba.

Amfanin wannan ba ga ɗan kallo kaɗai zai tsaya ba. Wanda ya iya riƙe makirufo minti 90 yana bin ƙwallo da baki ba tare da ya cusa Turanci a kowace jimla ba, ya sami horon da babu ajin da zai ba shi, kuma gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa irin waɗannan suke nema. A nan ne kuma za mu gwada kalmomin da muke ƙirƙira a takarda mu ga ko za su zauna a bakin jama'a, domin kalmar da 'yan kallo suka ƙi maimaitawa ta mutu ko da farfesa ne ya haife ta. Sai dai da sharaɗi: kirari muke so ba zambo ba. Wanda zai yi habaici ga ƙabilar wani ko addininsa ko garinsu, a karɓe makirufon nan take, domin baki ɗaya a lasifika ya fi dutse goma saurin tayar da fili. Hutun rabin lokaci kuma a raba shi ga ƙungiyoyin ɗalibai na yankuna, yau Dakarkari su fito da gangunansu, wani makon Nufawa, na gaba mu Kambari. Minti goma ne, amma na san waɗanda za su zo domin shi kaɗai.

Na san abin da wasu za su ce, kuma wani abokina ya riga ya faɗa mini a fuska: karatu muka zo yi, kuma makarantar da ɗakunan kwananta ke fama da ƙarancin ruwa ba ta da bakin zancen tankin filin ƙwallo. Rabin maganarsa gaskiya ce, idan kuɗi ɗaya ne tal a hannu, ni ma ɗakin kwana zan zaɓa. Amma a cikin takardar kuɗin makarantar da kowannenmu ke biya duk shekara akwai layin da aka rubuta kuɗin wasanni. Ba na zargin kowa da komai, tambaya kawai nake yi, kuma ƙungiyar ɗalibai ce ya kamata ta yi ta a madadinmu: nawa ake tarawa, me ake yi da shi? A manna amsar a allon da ake manna sanarwar wasa. Ballantana ma filin nan aji ne ga masu karanta ilmin motsa jiki, kamar yadda ɗakin gwaje-gwaje yake ga 'yan kimiyya, don haka idan hukumar makaranta za ta rubuta buƙatunta ga asusun TETFund, ban ga abin da zai hana ta sa shi a layin wuraren koyarwa ba. Abin da ba na goyon baya shi ne a ce ɗalibi ya sayi tikiti. Ya riga ya biya.

Akwai kuma masu cewa ko an gyara ba za a zo ba, wai gidajen kallo sun kwashe jama'a, kowa Arsenal da Barcelona yake yi. Ranar wasan ƙarshen nan Asabar ce, ana buga Firimiya a daidai lokacin, amma ɗaruruwa suka zaɓi tsayuwa a rana domin su ga ɗan ajinsu ya buga. Su kuwa masu son a kafa fitilu a riƙa wasan dare, ina ba su haƙuri. A halin tsaron da yankinmu yake ciki, babu uban da zai so ɗansa ya taso daga bakin fili ƙarfe tara na dare, mutanen gari da nake fatan a riƙa gayyata ranar wasan ƙarshe, musamman yaran firamare da malamansu, su ma da rana za su iya zuwa.

Gasar zango mai zuwa saura 'yan makonni. Ina roƙon shugabannin Ƙungiyar Ɗaliban Hausa su sa wannan batu a taronsu na gaba, su rubuta wa ofishin wasanni takarda cewa mun ɗauki nauyin sharhi da allon ci tun daga wasan farko, mun kuma ɗauki dogonyaro goma na farko idan ruwa ya sauka. Ana buƙatar mutum shida da za su riƙa karɓa-karɓa a makirufo, aƙalla biyu mata. Ni dai na riga na ba sakatare sunana, ko da za a sake yi mini dariya idan na manta na ce "ya shiga".